Na Ƙara wa Motar Bashi Sifirin

"Zan tsaya maka," in ji Hajiya, "amma da sharaɗi."

Na gyara zama a kan bencin shagonta, na kaɗe ƙurar siminti daga gwiwar wandona. Sabon wanki ne, na ba da guga musamman saboda wannan zuwan, turare kuwa na fesa har sai da maƙwabcina ya yi atishawa ta katanga. Ita tana kan farar kujerarta ta roba, sanye da leshi ruwan toka da mayafi mai ɗan nauyi, gilashi a kan hanci, waya biyu a cinya. A bayanta injin buga bulo yana ta ruri, leburori suna jera ɗanyen bulo a rana.

"Faɗi, Hajiya. Ko goma ne."

"Biyu ne. Na farko, kayana su ne gaba. In na kira, kana sauke na wani ka zo."

"Wannan ai ba sharaɗi ba ne, gata ne."

"Bar zaƙin baki, Direba, ka ji na biyu. Maganar nan da kake ta kewaye-kewaye a kanta tun bara." Ta ɗan waiwaya, ta rage murya. "Ba za a tashe ta ba sai ranar da motar ta zama taka, takardunta da sunanka. Ba zan yarda a ce na sayi miji da mota ba."



"Hajiya, shekara uku ne fa bashin."

"Na iya lissafi."

"Gemun nan kuma ba baƙi yake komawa ba."

"To ka biya da wuri mana."

Ta zuba shayi ta miƙo min. A wurin Hajiya wannan shi ne sa hannu. Na karɓa da hannu biyu, magana ta ƙullu.

Ku da kuke karanta wannan a waya kuna kwance kan katifa, na san abin da kuke cewa: tsoho da soyayya. Ku faɗa, ba ku ne farau ba. Ni direban babbar mota ne, na haura shekara talatin ina murza sitiyarin mutane. Na yi wa mai kirki tuƙi, na yi wa wanda in na dawo sai ya zura sanda a tankin mai. Duk motar da na riƙe na san tarinta da atishawarta, amma ko madubinta bai taɓa zama nawa ba. Matata ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta, yara duk sun yi gidajensu. Hajiya Mai Bulo ita ma mijinta ya rasu ya bar mata filin buga bulo da shagon siminti da 'ya'ya maza. Yashi na fara kawo mata a motar maigidana. Daga yashi aka koma gaisuwa, daga gaisuwa sai na ga ko ina za ni, hanyar da ta bi ta ƙofar shagonta ita ce mafi kusa.

Don haka ku riƙe wannan: in motar ta zama tawa, an buɗe min ƙofar Hajiya. In ta kuɓuce, bashin kan Hajiya zai hau, ni kuma ko inuwar shagon ba zan ƙara takawa ba.

Kafin in kai ga bencin nan na sha yawo. Banki na fara zuwa. Wani yaro mai laktaye ya ba ni kujera, ya ce, "Baba, ina shaidar kuɗin da ke shigo maka wata-wata?" Na buɗe masa tafin hannuna na ce ga ta nan. Ni tun da nake, hannu da hannu ake biya na. Ya yi min dariyar ladabi, ya rako ni har ƙofa, har da tura min ita. Daga nan aka haɗa ni da wani mai kuɗi da yake saya wa direbobi mota suna kawo masa balas, wato kasonsa na cinikin yini, kullum. Na zauna na saurare shi, na gode, na tashi. Na san irin wannan cinikin. Ka yi fashi kaɗan ya aiko a karɓi makulli, duk abin da ka zuba a baya ya zama kuɗin haya. Akwai abokaina da suka biya fiye da rabi, yau a ƙasa suke tafiya.

Sai wani kamfani da aikinsa ke nan. Su za su sayi motar, su ɗora ribarsu a fili, su sayar maka kana biya duk wata, takardu na hannunsu har ka cika. Abu uku suke so: kafin alƙalami, da shaidar kana da wanda zai riƙa ba ka kaya, da mai tsaya maka. Biyun ƙarshe Hajiya ta ɗauke min. Na farkon kuwa, ɗan filin da na saya tun ina da sauran baƙin gashi na sayar.

Ranar da maganar filin ta fasu, babbar 'yata ta faɗo min gida da kular abinci a hannu. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata, ita kuma ta ɗauki sunan da gaske. Ta same ni gaban madubi da huluna uku a kan gado ina gwadawa.

"Baba, da gaske ne ka sayar da filin?"

"Wa ya gaya miki?"

"Matar wanda ya saya a wurina take ɗinki."

"To ta iya kawo labari. Wannan hular ko waccan?"

"Baba! Sa'o'inka suna ƙofar gida da carbi da rediyo, kai kana neman bashi da budurwa."

"Ba budurwa ba ce, har jikoki gare ta. Ƙaramar ma kamarta ɗaya da ita."

"Au, har jikokin ka sani!" Ta dire kular, ta zauna bakin gado kan hulata guda. "In ka kwanta ciwo wata ɗaya fa? Wa zai biya?"

"Uwata, shekara talatin ina kwanciya ciwo a motar wani, yana cire min a albashi. Bari in gwada yi a tawa."

Ta zaro hular daga ƙarƙashinta ta gyara mata kari. "Ka dai yi hankali da ɗanta. Yana yawo yana cewa dukiyar uwarsa ka hango."

Babban ɗan Hajiya ke nan. Manaja ake ce masa, ko da yake ba wanda ya tuna ranar da aka naɗa shi. Yana da tarin makullai a ƙugu da suke sanar da zuwansa tun daga nesa, aikinsa a shago shi ne ya tsaya ya ce a yi abin da aka riga aka fara yi. In na gaishe shi, da hanci yake amsawa.

Ranar sa hannu muka tafi ofishin kamfanin ni da Hajiya, ita a gidan baya na tasi, ni a gaba, don kada a ce. Ofis mai sanyi kamar cikin firji, da tsire a tukunya wanda na taɓa na ji roba ne. Wadda ta karɓe mu yarinya ce 'yar siririya mai gilashi, ba ta wuce sa'ar autana ba. Ta ce za ta karanta min yarjejeniyar da baki. Na ce madalla, ni ma ina da tambayoyi.

Kuma na yi su, kada ku ɗauka sakarai aka samu. In wata ya zo min da gardama, akwai ɗaga ƙafa? Akwai, ta faɗi iyakarsa. In na gama biya kafin lokaci, za a rage min cikin ribar? Za a rage. In inji ya ba da matsala, bakaniken wa? Nasu, muddin garanti bai ƙare ba. Ta ce akwai na'ura a jikin motar da ke nuna musu inda take, kuma daga kan teburin nan suna iya hana ta tashi. Na ce ba komai, ni ba gudu zan yi ba.

"Sannan, Baba, ba ƙari ba ragi a jikin motar har ka gama biya. Yadda ta fito, haka za ta zauna."

"Na ji, 'yata."

Na ji ɗin, ba zan ce ban ji ba. Amma wannan magana ce da kowane mai sayar da mota yake faɗa, kowane direba kuma yake gyaɗa kai. A tasharmu ban taɓa ganin motar kaya da ta yi aiki yadda Bature ya ƙera ta ba. Mai ƙera ta yana zaune a ƙasarsu, bai san nauyin bulo ba. Mota in ta fito daga kamfani, a wurinmu kamar yadi ce da aka sayo daga kanti, sai an kai wa tela.

Aka miƙo min makulli. Jama'a, fara sol, mai taya shida, kujerunta da ledarsu, cikinta yana ƙanshin sabon abu. Na zauna na riƙe sitiyari, sai na ga gilashin gaba ya yi hazo. Na goge, bai gogu ba, ashe idona ne. Da na kai ta filin bulo, leburori suka ajiye aiki suka yi ta tafi. Hajiya ta zagaya ta sau ɗaya, ta shafa ƙofar, ta ce, "Allah ya sa ta shigo da alheri." Manaja ya tako ya harbi taya da ƙafa, ya ce, "Fara ce. Za ta yi saurin datti."

A satin farko na yi lissafina a ka, yadda na saba. Kamar yadda take, in na loda mata bulo ta cika, sai in ga sauran wuri a idona amma bayanta ya fara zama. In aka ƙara mata sifirin, wato faifan ƙarfen nan da ke ɗauke nauyi a kan tayoyin baya, aka kuma ɗaga bodin da kamar kamu biyu, sawu huɗu zai koma uku. Ga ragin mai, ga ƙarin sawu. Shekara uku ta koma biyu. Ku yara ba za ku gane ba, shekara guda a wurinku kamar canjin da aka bar wa mai shago ce. A wurin mai furfura kuwa jari ce.

Na nufi wajen mai waldarmu, wanda muke ce wa Tartsatsi. Ya ɗaga baƙin gilashinsa ya yi fito.

"Baba, wa ka kashe?"

"Bashi na ci. Sifirin biyu-biyu a baya, ka ɗaga min bodi."

"Ta kamfani ce fa. Ba su hana ba?"

"Wacce mota ce a garejin nan ba a hana ba?"

Ya dubi jerin motocin da ke layi, ya sauke gilashinsa. "Gobe da la'asar."

Ana cikin aikin sai ga mai fenti daga rumfar kusa, ba wanda ya kira shi. Ya zagaya bayan motar yana girgiza kai kamar mai duba mara lafiya.

"Baba, haka za ka fita da ita? Mota ba rubutu ai fuska ce ba gira."

Gaskiyarsa. Na ce to ya rubuta min wani abu, amma ƙanana, can ƙasa kusa da lamba. Na raɗa masa a kunne. Ya dube ni, ya yi murmushin da ban so ba. Ashe mai fenti bai san ƙanana ba. Da na zo ɗauka, ga shi nan da ja da shuɗi daga wannan gefe zuwa wancan, kowane harafi ya kai kan mutum:

MAI BULO, ALLAH YA BAR MU TARE

A ƙasa ga zuciya da kibiya ta soke ta, ga tsuntsaye biyu suna haɗa baki.

"Wa ya sa ka wannan?"

"Gyara ne, Baba. Tsuntsayen kyauta na yi maka."

Da na ce a goge. Sai na ja da baya na ƙara kallo. Wallahi ya yi kyau. Na ce bari in bari sai ranar da na ga Hajiya cikin nishaɗi in nuna mata.

Matsalar ita ce, motar kaya da baya take shiga wurin lodi. Ni kuwa sai na riƙa shiga filin bulo da kai, bayan yana kallon titi. Leburori suna zagayowa da bulo a ka suna gunaguni. Hajiya ta ce, "Direba, ka manta ribas ne?" Na ce sabuwar mota ba a cika wahalar da giyarta. Ta dube ni ta saman gilashi, ta ci gaba da danna waya. Motar kuwa ta riƙa ɗaukar kaya kamar ba gobe. Biyan farko tun kafin ranarsa na kai.

Wata ranar kasuwa na shiga cunkoso, ba gaba ba baya. Na leƙa madubi, sai na hangi wani a kan babur dab da bayana, ya ɗaga waya sama da hannu biyu. Ko ban ga fuskar ba, na ga makullai suna ƙyalli a ƙugu.

Kafin in kai inda zan sauke, waya ta fara rawa a aljihu. Uwata ce, ta turo hoton bayan motata, a ƙasa ta rubuta: "Baba wannan taka ce??? An turo wa mijina, shi ma wani ya turo masa." Ta bi da fuskokin nan masu dariya da hawaye har layi biyu. Autana ya rubuto, "Baba ka burge ni." Sai saƙon Hajiya ya shigo, kalma ɗaya:

"Direba."

Na tsaya gefen titi ina kallonta. Can wata ta biyo:

"Har da tsuntsaye?"

Na danna na yi mata saƙon murya mai tsawo, na ɗora wa mai fenti duk abin da zai ɗauku. Na ga alamar ta saurara. Ba ta amsa ba.

Washegari da hantsi na sauke bulo a wani gini, na hau na murza makulli. Shiru. Na sake. Fitilun gaba duk sun kama, inji ko tari. Na sauko na duba batir, na duba fis, na kwanta a ƙasa da farar rigata ina bin waya ɗaya bayan ɗaya, magina sun taru a kaina kowa ya zama bakanike. Ina nan kwance wayata ta yi ƙara.

"Baba, ina kwana? Daga kamfani ne. Kada ka wahalar da kanka, mu muka kashe ta. Ka zo ofis da mai tsaya maka."

Ashe Manaja bai tsaya kan dangi ba. Har kamfani ya tura hoton, da dogon bayani cewa ga irin wasan da ake yi da motar da mahaifiyarsa ta tsaya wa, don haka a cire sunanta.

Mu uku muka zauna gaban yarinyar mai gilashi. Hajiya cikin baƙar abaya, ko kallona ba ta yi ba, ta ɗora jaka a cinya ta riƙe da hannu biyu. Manaja ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana kaɗa makullai. Ni ina tsakiya da tabon baƙin mai a kafaɗa. Yarinyar ta juyo da kwamfuta, ga bayan motata ya cika fuskar.

"Baba, rubutun bai dame mu ba. Ogana ma ya ce tsuntsayen sun yi kyau." Ta sa bakin biro a gefen hoton. "Wannan bodin ba haka muka ba ka shi ba. Kuma ga ƙasan nan, sifirin nawa nake gani?"

"'Yata, ɗan taimako ne aka yi wa motar."

"Taimakon ya kashe garanti, ya kashe inshora. Birkinta ba a yi shi don wannan nauyin ba. Yau in wani abu ya faru a hanya, ba mai biyan ko madubi. A yarjejeniyarmu, muna da ikon karɓe ta."

"To ku karɓe mana," in ji Manaja. "Ku karɓi abarku, ku cire sunan Hajiya, kowa ya huta."

Yarinyar ta gyara gilashi ta dube shi. "In mun karɓa, gwanjonta za mu yi. Motar da aka yanka wa bodi ba ta kuɗi. Duk abin da bai cika ba, mai tsayawa ce za ta cika. In ba ta cika ba, akwai takardar filin da ta ajiye mana."

Makullai suka yi tsit.

"Wane filin?"

"Fili nawa gare mu?" in ji Hajiya, ba tare da ta juya ba.

"Na bulo? Hajiya, filin bulo kika ba su?"

"Da me kake so in ba su, makullanka?"

Na ga gumi ya tsatso masa a cikin sanyin nan. Filin da yake tsayawa a tsakiyarsa kullum yana auna inda zai gina shaguna in ya gada. Ni ma ban san abin da ta ajiye ke nan ba. Amma ciniki ba a yin sa da fuskar tsoro. Na matso da kujera.

"'Yata, bari in tambaye ki. Kamfani mota yake so ko kuɗinsa?"

"Kuɗinsa."

"Biyan farko na makara?"

"A'a, ka ma riga lokaci."

"To motar da ke gwanjo sau ɗaya take kawo kuɗi, kuma rabi. Wadda ke hanya duk wata take kawowa. Ku tayar min da ita in kai a cire abin da na sa, da kuɗina. Bakanikenku ya duba, in ya ga ko ƙusa ɗaya da ba taku ba, ni zan kawo makullin da ƙafata."

Ta tashi ta shiga ciki.  Da ta dawo ta ce ogan ya yarda, amma zan biya kuɗin dubawa da na sabunta inshora. Kuma tunda an taɓa saɓa alkawari, dokarsu ita ce sai an ƙara mai tsayawa na biyu.

Na fara laluben sunaye a kaina. Mijin Uwata? Kunya ba za ta bar ni ba. Tartsatsi? Shi kansa rumfar haya yake. Sai na ga Hajiya ta juya a hankali, karo na farko tun shigowarmu, ta sauke gilashi ta zuba wa ɗanta ido.

"Ni?" in ji Manaja.

"Kai ka kawo ƙara, ai kai ka fi kowa damuwa da motar. Ba shi biro, 'yata."

"Hajiya, mutumin nan fa..."

"Mutumin nan in ya faɗi, da filin zai faɗi. Zaɓi."

Ya sa hannu kamar mai taɓa garwashi. Har da babur ɗinsa aka rubuta.

A waje, ya yi gaba fuu. Hajiya ta tsaya a inuwar bango tana jiran tasi, na matsa kusa, ba kusa sosai ba.

"Hajiya, ki yi haƙuri."

"Don me ka yi?"

"Ke kika ce in biya da wuri."

"Na ce ka biya da wuri, ban ce ka karya wa motar mutane baya ba. Ka ji abin da yarinyar ta ce kan birki? In ya ƙi maka a gangara da lodin nan fa? Gawa zan aura?"

Na juya kalmarta ta ƙarshe a raina.

"Hajiya, me kika ce za ki yi?"

"Ban ce komai ba." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Kuma a goge min sunana daga bayan mota. Ni ba tallar sabulu ba ce."

Tartsatsi ya cire abin da ya sa, yana yi yana waƙa. Mai fenti ya shafe rubutun da fari, ya ce tsuntsayen sun fi wuyar gogewa don haka su ba kyauta ba ne. Bakaniken kamfani ya shiga ƙarƙashi ya fito ya ce lafiya. Mota ta koma yadda Bature ya yi ta, sawu uku ya koma huɗu, ni kuma na koma shiga filin bulo da baya kamar kowane mai gaskiya.

Abin da ban zata ba shi ne wayar sassafe. Ina idar da salla take ƙara.

"Baba, an tashi lafiya? Yau akwai kaya kuwa?"

Manaja ne. Baba fa, ba da hanci ba.

"Akwai sawu ɗaya na Hajiya."

"Ɗaya? Ɗaya ba zai biya wata ba! Akwai wani abokina yana gini, na ce masa kai kaɗai za ka kai masa siminti. Akwai kuma mai katako. Ka duba mai? Tayar baya ta hagu na ga kamar iskarta ta ragu."

Yanzu shi ke yawo kan babur wurin magina yana nemo min lodi. Ranar da na yi ɗan zazzaɓi, shi ya kawo min magani har gida, ya tsaya a kaina sai da na haɗiye. Uwata ta same shi a tsakar gida yana wanke min kofi, ta koma waje ta duba ko gidan ta ɓata.

Shekaranjiya kuma wani dattijo ya aiko a kira ni. Yayan Hajiya ne, wanda a danginsu in ya yi magana ba a ƙarawa. Hoton ya kai gare shi, kamar yadda ya kai ga kowa. Ɗan aiken ya ce in je ranar hutu, kuma in taho da wani babba daga dangina. Na tura wa Hajiya saƙo na ce ko ta san dalili. Ta rubuto, "Je ka ji." Na ce faɗa ne ko alheri? Ta karanta, ta bar ni da tambayata.

To in za a raba riba da asara, ga yadda na gani. Tartsatsi ya ci sau biyu a mota ɗaya, na sawa da na cirewa, mai fenti ma haka. Kamfani ya shiga da mai tsayawa ɗaya ya fito da biyu. Manaja ya yi asarar barcin safe da girman kai, kuma babur ɗinsa yanzu yana hannun Allah yana hannuna. Wadda ta fi kowa riba ita ce wadda ko bulo ɗaya ba ta ɗaga ba: ta samu direban da ba ya ƙin kira, ta samu ɗan da ya fara aiki yana da shekara arba'in. Ni ne na biya kowa, kuma na yi asarar shekara guda cur, sai fa in dattijon nan ya dubi furfurata ya yi min ragi.